Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Yadda Ake Haɗa Harshen Python da Laburaren GDAL Don Nazarin Itatuwan Ƙasar Daura

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Daura zuwa Kwangwalam a watan Fabrairu zai tarar gonaki sun yi fari fat, an kwashe kara, ƙasa ta bushe ƙamas. Amma nan da can sai ya hango wani itace tsaye shar da ganye, awaki sun yi dafifi a gindinsa. Wannan shi ne gawo, wanda masana tsirrai ke kira Faidherbia albida. Ɗabi'arsa ta saɓa da ta sauran itatuwa: yakan kakkaɓe ganyensa idan damina ta kama, ya sake tofo idan ruwa ya ɗauke. Saiwarsa ta tsakiya kan nutsa ƙasa sosai har ta tarar da danshi, shi ya sa rani bai dame shi ba. Manomi kuwa yana cin moriyarsa ta fuska uku. Ba ya yi wa gero inuwa a lokacin da geron ke buƙatar rana, ganyen da ya zubar taki ne mai naitirojin, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare.

Tambayar da ke gaban mai nazarin halittu ita ce: shin gawo da 'yan'uwansa ƙaruwa suke yi a ƙananan hukumomin Daura, Baure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango, ko kuwa raguwa? Ba tambayar banza ba ce. Jihar Katsina na cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. A tsallaken iyaka kuma, a jihohin Maraɗi da Damagaram, manoma sun farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5 ta hanyar renon tohon kututture, aikin da ya soma yaɗuwa a ƙasar Maraɗi tun wajen 1983. Ba a gane girman wannan aiki ba sai da aka gwada hotunan sama na da da na baya. Irin wannan gwaji ne ake buƙata a ƙasar Daura, kuma kayan aikinsa kyauta ne. Sai dai ɗalibai da yawa ba su kaiwa ga hoton ma, don tun wajen girka kayan aikin a kwamfuta suke cijewa. A kan wannan cijewa darasin zai tsaya.

Abin da tauraro ke gani a jikin ganye

Koren sinadarin da ke cikin ganye, wato kulorofil, yana shanye jan haske don haɗa abinci. Akwai kuma wani haske da ke gaba da ja, wanda idon ɗan Adam ba ya gani, a nan za a kira shi hasken bayan-ja. Shi wannan ganye ba ya shan sa, ƙwayoyin halittar da ke tsakiyar ganyen watso shi suke yi waje. Saboda haka ɗanyen ganye baƙi-baƙi ne a jan haske, amma yana ƙyalli a hasken bayan-ja. Busasshiyar ƙasa kuwa kusan daidai take mayar da su biyun.

A kan wannan bambanci aka gina ma'aunin NDVI, wanda masana a jami'ar Texas A&M suka fito da shi a farkon shekarun 1970, bayan harba tauraron Landsat na farko a 1972. Lissafinsa bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba: a debe ja daga bayan-ja, a raba abin da ya rage da jimillar su biyun. Amsar kan faɗa tsakanin -1 da +1. Ruwa yakan ba da ƙasa da sifiri, fako yakan ba da ɗan abin da ya ɗara sifiri, ganye mai duhu kuma ya haura 0.5. Da wannan ma'auni ne Compton Tucker na hukumar NASA da abokan aikinsa suka nuna a 1991 cewa iyakar Sahara ta kudu ta gangaro daga 1980 zuwa farin 1984, sannan ta koma arewa da ruwa ya dawo, wato hamada ba tafiyar soja take yi ba, kai da komo take yi.

Taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai, waɗanda aka harba na farkonsu a 2015, suna ɗaukar hoton wuri ɗaya kusan duk kwana 5, a rarrabe cikin shafukan haske 13. Shafi na 4 shi ne ja, na 8 kuma bayan-ja. Kowane ɗigo a waɗannan shafuka biyu yana wakiltar fili mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, wato ɗigo 100 ke cika hekta. Ana raba hoton yanki-yanki, kowane yanki na da ɗigo 10,980 a tsaye da 10,980 a kwance. Idan aka ninka, ɗigo 120,560,400 ke nan a shafi guda.

Harsuna iri biyu

Wannan adadi shi ne tushen maganar. Harsunan da ake ba kwamfuta umarni da su sun kasu gida biyu. Akwai irin su C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a 1972, da ƙanensa C++. Abin da aka rubuta da su ba ya aiki sai an miƙa shi ga wata manhaja da ake kira kwamfaila, ta narka shi gaba ɗaya ta zuba shi a harshen inji, kamar yadda maƙeri ke mayar da ƙarfe garma. Da zarar an ƙera, aiki sai gudu. Amma rubuta shi akwai wuya, kuskure kaɗan kuma sai ya rushe komai.

Gida na biyu shi ne irin su Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a Amsterdam a 1991. Shi wannan tafinta gare shi, mai karanta umarni layi-layi yana aiwatarwa nan take. Yana da sauƙin koyo, har masanin tsirrai da bai taɓa shiga ajin kwamfuta ba zai iya sarrafa shi cikin 'yan makonni. Illarsa ita ce nawa. A ɗauka tafintan na ɓata kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa a kan kowane ɗigo. Zagaye ɗaya tak a kan shafi ɗaya ya ci minti biyu ke nan, alhali mai nazari na buƙatar hotunan watanni da shekaru.

Dabarar da aka samo ita ce raba aiki. A bar nauyin ga laburaren da aka ƙera da C ko C++, wato tarin ayyukan da aka riga aka narka aka adana a fayil guda don kowace manhaja ta ɗiba. Shi kuma Python ya tsaya a matsayin mai ba da umarni. A fannin hotunan tauraro babu laburaren da ya kai GDAL, wanda Frank Warmerdam, mutumin Kanada, ya fara rubutawa a ƙarshen shekarun 1990. Yana karanta nau'o'in fayil fiye da ɗari, kuma shi ne ke aiki a ƙarƙashin manhajar taswira ta QGIS.

Mutanen Daura ba su buƙatar a yi masu dogon bayani a kan rijiya, tunda tarihin garin kansa a bakin Kusugu ya ginu. Laburare rijiya ce cike da ruwa. Python shi ne mai ƙishirwa a bakinta. Abin da ke tsakaninsu, wato guga da igiya, shi ake kira mahaɗi. Kusan duk matsalar da ɗalibi zai gamu da ita ba daga rijiyar take ba, daga gugan take.

Mene ne ainihin mahaɗi?

Lamba 5 a wajen C ba kome ba ce illa bayit huɗu a jere cikin ƙwaƙwalwar inji. A wajen Python kuwa ƙunshi ce guda, ɗauke da bayanin irinta da ƙidayar masu amfani da ita. Idan aka miƙa wa C wannan ƙunshi kai tsaye, shirme zai karanta. Don haka ga kowane aiki da ke cikin laburare sai an rubuta wani ɗan guntun C mai yin abu huɗu: ya kwance ƙunshin da Python ya aiko, ya kira aikin laburaren, ya naɗe amsar cikin ƙunshin da Python zai gane, idan kuma an sami kuskure ya kai rahoto. Tarin waɗannan guntaye shi ne mahaɗi.

Laburare kamar GDAL na da ɗaruruwan ayyuka, rubuta wa kowanne guntu da hannu kuwa aikin Sarkin Haƙuri ne. David Beazley ya gamu da wannan wahala a 1995, lokacin da yake aiki da masana kimiyyar fiziks a ɗakin bincike na Los Alamos a Amurka, sai ya rubuta manhajar SWIG, aka sake ta ga jama'a a 1996. Ita SWIG tana karanta jerin sunayen ayyukan laburare da irin abin da kowanne ke karɓa da mayarwa, ta rubuta guntayen da kanta. Ga GDAL takan fitar da abu biyu: fayil mai suna gdal.py, wanda shi ne fuskar da Python ke gani, da wani ƙaton fayil na C++ mai suna gdal_wrap.cpp.

A nan ne ya kamata mai karatu ya natsu. Wannan fayil na biyu shi ma sai an narka shi. Kuma yayin narkawar, kwamfaila na auna shi da abu uku a lokaci guda: bugun Python da ke kan injin, bugun GDAL da ke kan injin, da irin injin kansa. Sunan fayil ɗin da ke fitowa ma ya tona asirin haka:

_gdal.cpython-312-x86_64-linux-gnu.so

Wato an ɗinka shi ne don Python 3.12, a kan inji mai ƙirar x86_64, mai tafiya da Linux. Riga ce da tela ya auna wa mutum ɗaya. Ɗalibin da ya kwafe ta a filasha ya kai wa abokinsa mai Python 3.10 ya yi aikin banza.

Hanya mafi sauƙi

Kafin a ɗauki guduma, a duba ko akwai ƙerarren guga a kasuwa. Mai amfani da Ubuntu zai iya rubuta:

sudo apt install python3-gdal

Wannan zai kawo laburaren da mahaɗinsa, waɗanda aka ƙera tare, ba saɓani a tsakaninsu. Mai Windows kuma zai sami irin wannan ta hanyar OSGeo4W ko ta ma'ajiyar conda-forge. Akwai kuma rasterio, wani mahaɗi dabam da Sean Gillies ya fara a 2013, wanda ke zuwa da nasa GDAL a ƙunshe. Ga ɗalibin da aikinsa bai wuce lissafin NDVI ba, ɗaya daga cikin waɗannan ya wadatar, kuma babu wata bajinta a wahalar da kai. Ƙera mahaɗi da hannu na zama dole ne idan ana son a keɓe kayan wani bincike daga sauran abin da ke kan injin, ko ana buƙatar sabon bugu, ko kuma ƙerarren da aka samu bai san nau'in fayil ɗin da ake son buɗewa ba.

Ƙera mahaɗi a kan laburaren da ke nan

A ɗauki misalin injin da ke da Ubuntu 24.04, wanda ke zuwa da Python 3.12 da GDAL 3.8.4. Matakin farko shi ne tara kayan ƙira:

sudo apt install build-essential python3-dev python3-venv libgdal-dev

Na farkon yana kawo kwamfaila. Waɗanda sunansu ya ƙare da dev kuwa suna kawo fayilolin jagora, irin su Python.h da gdal.h. Waɗannan ba su ɗauke da aikin kansa, sunayen ayyuka kawai da siffarsu suka ƙunsa, amma in babu su kwamfaila ba ta san inda za ta ɗaura igiya ba. Mutum zai iya shekara yana amfani da Python lafiya lau ba tare da Python.h ba, don gudanarwa ba ta buƙatarsa, ƙira ce ke buƙatarsa. Shi ya sa saƙon da ke cewa ba a ga Python.h ba yake ɗaure wa sababbin shiga kai.

Mataki na biyu, a kafa keɓaɓɓen shinge don wannan aiki, a shiga cikinsa:

python3 -m venv gawo
source gawo/bin/activate

Duk abin da aka girka daga nan a cikin shingen zai tsaya, in ya lalace a share shi a sake wani, injin bai ji ko ɗar ba.

Mataki na uku shi ne wanda aka fi tuntuɓe a kansa. GDAL na miƙa wa Python ɗigogin hoto ne ta hannun wani laburare mai suna NumPy, wanda shi ma cikinsa C ne, kuma shi ke lissafi a kan miliyoyin lambobi a tashi ɗaya. Guntun da ke haɗa su biyun, mai suna _gdal_array, ana ƙera shi ne kawai idan an tarar da NumPy a wurin lokacin ƙira. In ba a tarar ba, sai a tsallake shi shiru, girkawa ta ƙare kamar lafiya. Sai ranar da ɗalibi ya zo karanta hoto ya ga an ce ba a sami _gdal_array ba. Girka NumPy daga baya ba ya magance wannan, sai an sake ƙirar daga farko. Saboda haka NumPy ake fara sawa:

pip install "numpy<2" wheel setuptools

An zaɓi bugun da bai kai 2 ba da gangan. NumPy 2.0, wanda ya fito a watan Yuni na 2024, ya sauya tsarin cikinsa, har mahaɗan da aka ƙera a kan tsohon bugu suka daina jituwa da shi. GDAL 3.8.4 ya riga shi fitowa, don haka a haɗa tsoho da tsoho ya fi kwanciyar hankali.

Sai mataki na huɗu:

pip install --no-build-isolation --no-cache-dir "gdal==$(gdal-config --version)"

Kowane yanki na wannan layi da dalilinsa. Umarnin gdal-config yana tambayar injin bugun laburaren da ke kansa, don a ɗauko mahaɗin da ya yi daidai da shi. Wanda ya rubuta pip install gdal kawai zai jawo mahaɗi mafi sabunta, mai neman ayyukan da tsohon laburaren bai da su, ƙirar ta watse da jajayen saƙonni shafi-shafi. Yankin farko yana hana pip yin ƙirar a wani ɗaki na dabam inda ba za a ga NumPy ɗin da aka girka ba. Na biyun kuma yana hana shi ɗauko gurguwar ƙirar jiya da ya ɓoye. Ba a buƙatar SWIG a wannan hanya, don an riga an saka gdal_wrap.cpp a cikin ƙunshin da pip ke saukowa da shi.

Gwaji layi ɗaya ne:

python -c "from osgeo import gdal, gdal_array; print(gdal.__version__)"

Idan 3.8.4 ya bayyana ba tare da ƙorafi ba, guga ya isa ruwa.

A ɗakin kwamfuta na makaranta, inda injuna da yawa ke da tsari iri ɗaya kuma kuɗin intanet ke da tsada, ba sai kowa ya maimaita wannan ba. Umarnin pip wheel na naɗe ƙerarren mahaɗin a fayil guda mai ƙarewa da whl, a zagaya da shi a filasha. Sharaɗin dai shi ne wanda aka ambata: Python ɗaya, GDAL ɗaya, ƙirar inji ɗaya.

Idan rijiyar ma sai an haƙa

Wani lokaci laburaren kansa ake ƙerawa daga rubutun asali. Tun daga bugu na 3.6, GDAL da manhajar CMake kaɗai ake gina shi, kuma a nan ana buƙatar SWIG, da laburaren PROJ mai lissafin mazaunin wuri a doron ƙasa.

cmake -S . -B build -DBUILD_PYTHON_BINDINGS=ON
cmake --build build
sudo cmake --install build
sudo ldconfig

Layin farko bincike ne: CMake na zagaya injin yana rubuta abin da ya samu da abin da bai samu ba. Wajibi ne a karanta wannan rahoto, ko da yake yawanci ido rufe ake wuce shi. Hotunan Sentinel-2 a nau'in JPEG 2000 suke zuwa, kuma GDAL ba ya buɗe su sai an gina shi tare da wani laburare mai fahimtar nau'in, kamar OpenJPEG. Idan rahoton ya nuna ba a same shi ba, ginin zai kammala, mahaɗi zai yi aiki, amma hoton Daura ba zai buɗu ba. Guga ba ya fito da abin da babu a rijiya.

Layi na biyu kan ɗauki lokaci mai tsawo a ƙaramin inji. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya ba a yi asara ba, a sake ba da umarnin zai ɗora daga inda ya tsaya. Layi na ƙarshe kuma yana sanar da injin cewa sabon laburare ya iso. Wanda ya manta da shi zai ga saƙon cewa ba a iya buɗe libgdal.so ba, alhali fayil ɗin na nan zaune. Mafi muni shi ne a tara GDAL biyu a inji ɗaya, na Ubuntu da na hannu, a ƙera mahaɗi da fayilolin jagoran wannan, lokacin aiki kuma ya kama wancan. Alamarsa ita ce saƙo mai cewa undefined symbol. Umarnin ldd, idan aka nuna masa fayil ɗin mahaɗin, zai faɗi ainihin laburaren da igiyar ta ɗauru a kansa.

Tarkunan da ke bayan girkawa

Ga ɗan rubutun da ke fitar da ma'aunin:

from osgeo import gdal
gdal.UseExceptions()
f4 = gdal.Open("B04.jp2")
f8 = gdal.Open("B08.jp2")
ja = f4.ReadAsArray().astype("float32") - 1000
bj = f8.ReadAsArray().astype("float32") - 1000
ndvi = (bj - ja) / (bj + ja)

Layi bakwai ne, amma biyar daga cikinsu kariya ce daga halayen C da ke ɓullowa ta cikin mahaɗi, ko daga halin hoton kansa.

Layi na biyu yana tilasta wa GDAL ya yi ƙara idan ya gaza. In ba haka ba, bisa al'adar C, fayil ɗin da bai buɗu ba sai a mayar da wofi a yi shiru, kuskuren ya fashe can gaba inda ba a zata ba.

An kuma ba kowane fayil suna, f4 da f8, don a riƙe shi. Python na share duk abin da ya ga ba mai riƙe da shi. Idan ɗalibi ya ciro shafi daga fayil ya saki fayil ɗin, ɓangaren C zai rushe gidan alhali shafin na nuni zuwa cikinsa. A bugun da suka gabaci 3.8 wannan kan kashe Python ɗungurungum ba tare da ko sallama ba. Daga 3.8 ne aka mayar da shi saƙon kuskure.

Sai maganar float32. Lambobin hoton na zuwa ne a ma'aunin bit 16 marar alamar ragi, wanda ke ɗaukar 0 zuwa 65,535 kawai. A kan ruwan madatsar Sabke, alal misali, ja kan fi bayan-ja. A ce bayan-ja 1,200 ne, ja kuma 1,500. Amsar gaskiya -300 ce, amma tunda ma'aunin bai san ragi ba sai ya kewayo ta baya ya ba da 65,236. Ba wani saƙon kuskure da zai fito. Taswira ce kawai za ta nuna tafki ya fi kurmi duhun ganye. Mayar da lambobin zuwa masu gutsure kafin a yi ragi shi ne magani, sai dai yana ninka nauyi: kowane shafi ya tashi daga kimanin megabayit 241 zuwa 482, layin ƙarshe kuma na buƙatar wajen biyar irinsu a lokaci guda. Inji mai gigabayit 4 zai yi nishi. Gara a yanko ƙasar Daura kaɗai daga cikin hoton tun wajen karantawa, tunda ReadAsArray na karɓar mafari da faɗin yankin da ake so.

Dubun da aka debe kuwa ya fi duk sauran haɗari ga mai kwatanta shekaru. Daga 25 ga Janairu 2022 Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta soma ƙara 1,000 a kan kowace lamba ta hotunan Sentinel-2. A ɗauki ɗigon da ya faɗa kan gawo, mai ja 800 da bayan-ja 2,400. Ma'auninsa 1,600 a raba da 3,200, wato 0.50. A sabon tsari lambobin za su zo 1,800 da 3,400, wanda bai debe dubun ba zai sami 1,600 a raba da 5,200, wato 0.31. Itacen bai zubar da ganye ko ɗaya ba, amma rahoto zai ce kore ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku tsakanin 2019 da 2023, a ɗora wa masu saran itace da makiyaya laifin da na lissafi ne. Tunda kuma an sake sarrafa tsofaffin hotuna da sabon tsarin, shekarar hoto kaɗai ba ta isa shaida ba. Fayil ɗin bayanai da ke rakiyar kowane hoto shi ke faɗin ko an yi ƙarin, shi za a duba kafin a debe.

Daga taswira zuwa gona

Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, ko na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da ya kai nan yana da taswirar kore ta rani a hannunsa. Amma kore ba sunan itace ba ne. Bedi, wato darbejiya, da mangwaro su ma suna riƙe ganye da rani, haka ma lambunan fadama. Ƙurar hunturu kuma na dusashe ma'aunin, don haka ranar da sama ta washe ake zaɓa. Bugu da ƙari, ɗigon mita 10 babban gawo kaɗai yake iya kamawa. Tohon da manomi ya rena shekara biyu ko uku ba zai fito ba, alhali shi ne alamar farfaɗowa. Da Martin Brandt da abokan aikinsa suka ƙirga itatuwa fiye da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel a 2020, hotuna masu ɗigon rabin mita suka yi amfani da su.

Ɗabi'ar gawo ita za ta taimaka wajen tsame shi daga sauran. A nemi hoto na biyu na farkon damina, wajen ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli, lokacin da gawo ya soma kakkaɓa, gero kuma bai rufe ƙasa ba, in an dace da ranar da girgije bai tare ba. Ɗigon da ke kore a Fabrairu ya kuma zauna kore a wannan lokaci, mai yiwuwa bedi ne ko mangwaro. Wanda ya yi kore a Fabrairu sannan ya dusashe da saukar ruwa, shi ake zato gawo ne. Daga nan sai a zaɓi ɗigo hamsin ko ɗari, a fitar da lambobin mazauninsu, a ɗauki wayar da ke da GPS a nufi gonakin Sandamu ko Zango, a nemi izinin masu gona, a tsaya gindin kowane itace a rubuta sunansa da kaurin gangar jikinsa, a kuma tambayi mai gonar shekarar da ya fara ganinsa.